Me ake ci da rana a Kasuwar Sabon Gari?

Da an idar da Azahar a Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, sai a yi wa masu abinci caa. Ɗan kasuwa ba ya son barin shago, ɗan dako kuwa kuɗinsa ƙalilan ne, shi ya sa garau-garau ke ciniki. Shinkafa da wake ce dafaffiya tun hantsi, zubawa kawai ake yi a sa mai da yaji, ga riƙe ciki har Magariba. Mai sauri sai ya nufi bandashe: a yayyafa wa gurasa ruwa, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, a yanka albasa. Araharsu daga rashin nama take, wake da gyaɗa ne ke maye gurbinsa.