Suna linzami ne

Kowace safiya, in yara sun shiga aji, malam yakan buɗe littafin kiran suna. In ya ce: «Mamman!», sai yara uku ko huɗu su amsa gaba ɗaya. In ya ce: «Hadiza!», sai biyu su ɗaga hannu. Amma in ya ce: «Shibkau!» ko «Abarta!», mutum guda ne ke amsawa. Wani lokaci ma sauran yara sukan waiwaya su dubi mai sunan.

Mai suna Mamman yana iya jin haushi, don ba ya sanin ko da shi ake. Mai suna Shibkau kuma yana iya jin kunya, don sunansa ya fita daban. Kowane da irin damuwarsa. To, daga ina sunayen nan suka fito? Mi ya sa wasu suka yi yawa, wasu kuma suka yi ƙaranci?

Yadda ake samun suna

A ƙasar Hausa, ana raɗa wa jariri suna ranar da ya cika kwana bakwai. Da sassafe dangi da maƙwabta sukan taru a ƙofar gida. Uban yaro ya gaya wa liman sunan da ya zaɓa. A yi addu'a, a yanka rago, a raba goro da dabino. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a sunan, har mata da ke cikin gida su ji. Wanzami kuma ya yi wa jariri aski. Sunan da aka bayar ran nan shi ake kira sunan yanka.

Galibi sunan yanka na annabawa ne, ko na sahabbai, ko na iyalan gidan Annabi. Shi ya sa ake da Ibrahim, Musa, Isuhu, Abubakar, Usumanu da Ali da yawa. Cikin mata kuma ga Hawa, Mariyama, Hadiza, A'ishatu, Fatsuma da Zainabu. Sunayen nan ba su da yawa, masu son su kuwa ba su ƙirguwa. Bayan haka, uba yakan so ya mayar da sunan mahaifinsa, ko na mahaifiyarsa, ko na amininsa. Ta haka suna guda ke ta zagayawa cikin dangi guda.

Suna ɗaya, kira iri iri

Sunan da ya fi kowane yawa cikin maza shi ne Muhammadu. Sai dai ba a faɗinsa iri ɗaya. Wani Mamman, wani Mahamman, wani Mamadu, wani Mahamadu. Shugabannin ƙasar Nijar huɗu sun ɗauki sunan nan, kowa da irin nasa: Mahamman Usuman daga 1993 zuwa 1996, Mamadu Tanja daga 1999 zuwa 2010, Mahamadu Isuhu daga 2011 zuwa 2021, da Mohamed Bazum daga 2021 zuwa 2023. Yawan sunan bai tsaya ƙasashen musulmi kaɗai ba. A shekarar 2023, a Ingila da yankin Wels, jarirai maza fiye da 4600 aka sa wa Muhammad. Babu wani sunan namiji da ya kai shi yawa can a shekarar.

Sauran sunaye ma haka suke. Abubakar yakan zama Garba, ko Habu, ko Bukar. Ibrahim ya zama Iro ko Ibro. Idirisu ya zama Idi. A'ishatu ta zama Indo ko Shatu, Hadiza ta zama Dije, Hawa ta zama Kulu. Ashe ke nan Garba da Habu takwarorin juna ne, ko da ba su sani ba.

Sunayen da ke ba da labari

Sau da yawa ba da sunan yanka ake kiran yaro cikin gida ba. Dalili shi ne alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. In an mayar wa yaro sunan kakansa, iyaye ba su iya kiran sunan kai tsaye, sai su ce Abba ko Baba. Saboda haka ake neman wani suna na biyu.

Akwai sunan rana. Wanda aka haifa ran Lahadi shi ne Ɗanladi, mace kuma Ladi. Ran Talata akwai Talatu, ran Laraba akwai Balarabe da Laraba. Ran Alhamis akwai Ɗanlami da Lami, ran Juma'a Ɗanjuma da Jummai, ran Asabar Ɗan'asabe da Asabe.

Akwai sunayen lokaci. Shibkau an haife shi lokacin shibka. Nomau ya zo ana tsakiyar noma. Anaruwa ya zo ana ruwan sama. Azumi ta zo cikin watan azumi, Sallau kuma lokacin salla.

Akwai kuma sunayen da ke nuna matsayin yaro cikin ƴan'uwansa. Namijin da ya biyo bayan ƴaƴa mata shi ne Tanko. Macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Tagwaye su ne Hasan da Husaini, ko Hasana da Husaina, mai bi musu kuma Gambo. Na ƙarshe shi ne Auta.

Wasu sunaye kuwa hawaye ke bayansu. In mace tana haihuwa ƴaƴan suna rasuwa, sai a kira sabon jariri Abarshi, ko Abarta, ko Barau. Roƙo ne ake yi: Allah ya bar wannan. Wasu ma sukan ce Ajuji, wato wanda aka yar bisa juji. Mutanen dā sun ɗauka cewa in an nuna kamar ba a damu da yaron ba, mutuwa ba za ta kula da shi ba. Saboda haka mai irin wannan suna ɗan lele ne, wanda aka daɗe ana jira. Duk wanda ya san haka, ba ya yi masa dariya.

Mi mutane ke ji game da sunansu?

Yawancin mutane suna son sunansu, har fiye da yadda suke zato. A shekarar 1985, wani masani na ƙasar Beljiyam mai suna Jozef Nuttin ya bayyana wani gwaji da ya yi. Ya nuna wa mutane baƙaƙe, ya ce su zaɓi waɗanda suka fi yi musu kyau, ba tare da dogon tunani ba. Sai ya tarar sun fi zaɓen baƙaƙen da ke cikin sunansu, alhali ba su lura ba. An sake gwajin cikin harsuna da dama, aka sami abu guda.

Mai sunan da ya yi yawa yana da riba. Kowa ya iya faɗinsa, kuma ko'ina ya je yana samun takwara. Takwara kuwa kamar ɗan'uwa ne, yakan yi wa ƙaraminsa kyauta ran salla. Wahalarsa ita ce sai an ƙara masa wani abu kafin a gane shi: Mamman Dogo, Mamman Ƙarami, Mamman na Tawa. Wani lokaci laƙabin yakan rufe sunan. Ɗan kokowar Maraɗi da ya ci takobin farko na ƙasa a Tawa, a 1975, sunansa Yakuba, amma duniya da Kantu ta san shi.

Mai sunan da ba shi da yawa kuma ba a manta shi. In an kira, babu mai amsawa sai shi. Wahalarsa ita ce baƙo yakan karkace sunan, yara kuma sukan yi masa ba'a.

Akwai wanda sunansa ke damunsa har ya sake shi. Shahararren ɗan damben Amurka Kasiyas Kile ya bar sunansa a 1964, bayan ya musulunta, ya koma Muhammad Ali. Ya ce na farkon sunan bauta ne, ba shi ya zaɓa ba.

Sunaye ma suna da yayi, kamar tufafi. A birane kamar Yamai, Maraɗi da Damagaram, ana ƙara jin Samira, Nafisa, Farida da Abdul'azizu, ana rage jin Nomau da Kande. Sunan da ake gani tsohon yayi yau, wata rana jikoki suna iya dawo da shi.

Suna bisa takarda

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, ta 1989, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin samun suna, kuma a rubuta haihuwarsa. Nijar ta amince da ita a 1990. Nan ne yawan sunaye ke iya jawo matsala. Yaro yana iya zama Ɗanladi a gida, Mamman a makaranta, Mahamadou bisa takardar haihuwa. In lokacin jarrabawa ya zo, sunan da ke bisa takardar haihuwa shi ne abin dogara. In ya saɓa da na makaranta, ko da baƙi guda ne, sai an sha wahalar gyara. Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta ya san sunansa na takarda, ya kuma iya rubuta shi daidai, da Hausa da Faransanci.

Hausawa sun ce suna linzami ne: in an ja, mai shi ya waiwaya. Mutum ba shi ke zaɓen sunansa ba, iyaye ke ba shi. Amma in an ambaci sunan a bayan idonsa, abin da jama'a za su tuna shi ne halinsa.

Tambayoyi

1. Wace rana ake raɗa wa jariri suna?
2. Mi ya sa sunaye kamar Ibrahim da Hadiza suka yi yawa?
3. Mi ake nufi da Tanko, Gambo da Abarshi?
4. Wane gwaji Jozef Nuttin ya yi?

Aiki

Kowa ya tambayi iyayensa ko kakanninsa dalilin sunansa. Gobe a rubuta sunayen ƴan aji duka bisa allo, a ƙirga, a ga wanda ya fi yawa.