Jijiyar da ke riƙe da numfashinmu tana cikin wuya

'Yan makaranta, ku ɗora hannu a kan ciki ku ja numfashi. Abin da ya turo hannunku wani faffaɗan tantanin nama ne da ya raba ƙirji da ciki. Idan ya sauka, iska ta shiga huhu. Idan ya koma sama, ta fita. Shaƙuwa ma zaburar wannan tantani ce. Muna numfashi kusan sau 20,000 a rana, ko muna barci ko muna farke.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba tantanin umarni, ta hanyar jijiyoyi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda likitoci ke kira jijiyar firenik. Suna fitowa ne daga laka, a daidai ƙashin wuya na 3 da na 4 da na 5. Idan laka ta samu rauni a saman wannan wuri, saƙo ba ya isa, sai numfashi ya tsaya ko da huhu lafiyarsa ƙalau.

Haka ta faru da Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka da ya fito a fim ɗin Superman. A 1995 ya faɗo daga kan doki, ƙasusuwan wuyansa biyu na sama suka karye, ya koma rayuwa da injin hura iska. A 2003 likitoci a birnin Cleveland suka dasa masa 'yan siraran wayoyi a tantanin, suna aika ƙaramar lantarki da ke sa shi motsi, har ya riƙa yin sa'o'i ba tare da injin ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 Dakta William Glenn na Jami'ar Yale ya soma irin wannan aiki.

Yau kamfanoni irin su Avery Biomedical na Amurka suna sayar da na'urorin, kuma masu zuba jari suna rububin kasuwar kayan da ke aiki da jijiyoyi. Sai dai na'urar tana cin dubban daloli, tana bukatar ƙwararren likitan tiyata, kuma ba ta aiki sai jijiyar kanta tana da rai.

Mu a Janbako da Bakura da Maradun da Talata Mafara, babur ne abin hawanmu, ga kuma sukuwar dawaki lokacin sallah. Wanda ya karye wuya a nan, sai an kai shi Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Kafin ya isa, lafiyarsa tana hannun waɗanda suka fara kai masa ɗauki. Wani lokaci ƙashi ne kawai ya karye, sai wajen ɗagawa a ji wa laka rauni.

Saboda haka, idan wani ya faɗi yana kukan wuya, ko hannu da ƙafa sun ƙi motsi, kada mu ɗaga shi zaune, kada mu ɗura masa ruwa, kada mu goya shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa, saura su mirgina shi gaba ɗaya bisa faffaɗan katako, a sa shi a mota a kwance. Ku koya wa 'yan ajinku wannan a makon nan.