Kuɗin Bak: littafin da ya dace da kur ɗin da ya cancanci zufarmu

A taron asusunmu na makon jiya nan Birnin Lalle, wata ƴar'uwarmu ta kwance ƙullin zane ta zube littattafai huɗu bisa tabarma. Bara ta ci bashin akwati ta sayo ma ɗiyarta su a kasuwar Maradi. Mai kanti ya ce mata duka na Bak ne. Sai da yarinyar ta kai su lise a Dakoro, malaminta ya duba ya ce biyu na tsarin karatun wata ƙasa ne, ɗaya kuma na wata seri ce daban. Guda ɗaya tak ya yi amfani. Bashi kuwa sai da ta biya shi har da riba. Wanga abu ne ya sa munka ce bari mu tattauna, kada wata ta sake faɗawa ramin.

Bak ita ce ƙofar jami'a a Nijar. Ba ta da ita, ɗiya ba ta shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko ta Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta André Salifou ta Damagaram, ko ta Djibo Hamani ta Tawa. Kuma sai da ita ake kai takardun neman tallafin karatu a hukumar ANAB. Ana son matsakaicin maki 10 bisa 20, waɗanda sunka kusa kaiwa kuma a ba su zagaye na biyu.

Abu na farko, mu tambayi yaro: wace seri kake? Ko ba mu yi lakwal ba, muna iya riƙe harafi guda. Seri A ta harsuna ce da falsafa da tarihi. Seri C ta lissafi ce da fizik. Seri D ta haɗa kimiyyar halittu da lissafi da fizik-shimi. Kowane darasi da nauyinsa wurin haɗa maki, saboda haka kuɗinmu su fara zuwa ga darasi mai nauyi wanda yaron ke da rauni cikinsa.

Na biyu, littafin da ya fi amfani shi ne annal, wato tarin tambayoyin Bak na shekarun baya. Mu tabbata na Nijar ne, na serin yaron, na shekarun kusa, kuma da gyaran amsoshi mataki-mataki. Annal na Faransa ko Senegal ko Kodibuwa ba laifi ne ba, amma manhaja ta kan bambanta, kada su zama na farko. Kafin mu fidda ko dala, yaro ya kawo sunan littafin rubuce da hannun malamin ajinsa. Kuma littafi guda da anka aikata shi daga bango zuwa bango ya fi biyar da ke kwance ƙarƙashin katifa.

Na uku, maganar kur. Kafin a biya mai koyarwa, a yi masa tambaya huɗu: yara nawa ne a ɗaki? Ya taɓa koyar da ajin terminal? Yana ba da aiki ya gyara da jan biro? Da wane lokaci ake tashi? In ɗakin kur ya cika kamar ajin safe, mi munka saya? Mu biya wata-wata, kada mu ba da kuɗin shekara gaba ɗaya. Bayan wata biyu mu dubi makin jarabawar gwaji. In bai motsa ba, a canza. Ga ɗiya mace kuwa, mu san inda ake kur ɗin, da wa take zuwa, da wa take dawowa. Kur na bayan la'asar ya fi mana kwanciyar hankali bisa na dare.

Mu yi hattara da masu aiko saƙo ta WhatsApp suna cewa suna da tambayoyin bana, a turo kuɗi. Ko dai damfara ce, ko kuma satar jarabawa, wadda ke iya jawo a hana yaro zama ta har shekaru.

To, ina asusu ya shigo? Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jiharmu ta Maradi, mun ga abin da ɗan kaɗan ke zama in an haɗa shi. Mata 25, kowace ta ƙara dala ashirin a mako, jika goma ke nan cikin mako huɗu. Da wannan ƙungiya na iya sayen annal na kowace seri, a rubuta su cikin kaye na sakatariya, a ba da aro, bayan jarabawa a maido don ƙannai. Fitila mai cajin rana ma ta shiga lissafi. A fara tun Oktoba, don Bak na zuwa ne farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma sun tafi ga iri.

Akwai gudunmawar da ba a saye a kasuwa. In jarabawa ta matso, mu sauke ma ɗiya tulu da turmi, ƙannai su kama. Sa'a biyu ta shiru kullum ta fi kur mai tsada.

Ƴar'uwar tamu ta ce bana, kafin ta saya ma ƙanen littafi, da takardar malam za ta shiga mota. Mu ma mu yi haka. Allah ya ba ɗiyanmu sa'a, ya sa albarka cikin akwatinmu. Amin.