Me ya sa manhajarka ke ɓatar da Ƙofar Nassarawa?

A ce ka gina manhajar kai saƙo a Kano. Wani ya rubuta "kofar nassarawa" a wurin bincike, manhaja ta ce babu wannan unguwa, alhali tana nan cikin rumbun bayananka. Mai saye ya tafi wani wuri, mai babur ya rasa aikin ranar. Laifin harafi ɗaya ne, wato Ƙ, kuma da 'yan layukan umarni za ka kama shi.

Haruffanmu masu lanƙwasa sun shigo rubutun boko tun shekarun 1930, amma tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 kawai gare shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da Unicode ya zo a 1991, ya ba su lambobinsu. A tsarin UTF-8 da intanet ke amfani da shi yau, K bayit ɗaya ne, Ƙ kuwa biyu. Buɗe allon umarni a Linux ko Mac ka gani da idonka:

printf 'Ƙ' | wc -c

Zai ba ka 2. Ka sauya wc -c da xxd, za ka ga bayit ɗin su kansu: c6 da 98. To, idan wata manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta ɗauke su haruffa biyu daban. Shi ya sa wani lokaci kake ganin "Æ˜ofar Mata" a shafi. Kafin ka zargi kowa, tambayi fayil ɗin tsarinsa da file -i unguwanni.csv a Linux. Idan kuma a allon umarnin Windows ne haruffa ke rikicewa, rubuta chcp 65001, ya koma UTF-8.

Sai batun bincike. SQLite, wanda manhajojin Android da iPhone da yawa ke ajiya a cikinsa, yana ɗaukar K da k abu ɗaya a umarnin LIKE, amma wannan rangwamen na haruffan ASCII ne kawai. A wurinsa "ƙofa" daban, "Ƙofa" daban, balle "kofa". Dabarar da ake yawan kwafowa daga intanet, normalize('NFD'), tana raba é ta Faransanci da alamar kanta, amma ba ta taɓa ƙ, domin Unicode ya ɗauke ta harafi mai zaman kansa. Kuma gaskiyarsa ne. Ai ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce.

Saboda haka kada ka goge lanƙwasa daga ainihin sunan. Ka ajiye shi daidai don nunawa, ka yi masa kwafi na biyu don bincike kaɗai. A Linux layi ɗaya ya isa:

sed 'y/ƘƙƊɗƁɓƳƴ/KkDdBbYy/' unguwanni.txt

Da wannan Ƙofar Ɗan Agundi za ta zama Kofar Dan Agundi a kwafin. Abin da mutum ya rubuta ma ka bi da shi ta wannan hanya kafin ka kwatanta. Ka guji tr a nan, domin na Linux bayit-bayit yake aiki, zai lalata maka rubutu. Harafin ƴ kuma kada ka bar shi: mu a Najeriya 'y muke rubutawa, amma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ƴ suka saba da shi.

Jera sunaye ma akwai tarko. Umarnin sort() na JavaScript lambobin haruffa yake bi, kuma lambar Ƙ ita ce 408, ta Z kuwa 90. Ke nan Ƙofar Nassarawa za ta faɗa can ƙasa, bayan Yakasai da Zage. Maganin:

unguwanni.sort(new Intl.Collator('ha').compare)

Wannan 'ha' ɗin alamar Hausa ce. Da ita Ƙ za ta zauna bayan K, Ɗ bayan D, kamar a ƙamus.

Na ƙarshe, ɗan waƙafin sama da ke cikin Ƙofar Na'isa. A harshen SQL wannan alama ce ke buɗe rubutu da rufe shi, don haka idan ka manna sunan kai tsaye cikin umarni, zai yanke a "Na". Ta wannan ɓarakar ce masu kutse ke cusa nasu umarnin. Ka sa alamar ? a gurbin sunan, ka miƙa sunan daban, rumbun zai kula da sauran.

Kafin ka saki manhaja, gwada ta da sunaye uku: Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya. Rubuta su da lanƙwasa da kuma babu, da manyan haruffa da ƙanana. Idan duk sun fito, kuma a inda ya dace a jeri, to manhajarka ta iya Hausa.