Aladen Daji da Dazuzzukan Turai

Daga cikin halittun da Allah Maɗaukakin Sarki ya watsa a dazuzzukan Turai, da wuya a sami wadda ta kai aladen daji, wanda malamai ke kira alhanzir, juriya da hikimar neman abinci. Domin kuwa hancinsa garma ne, da shi yake tonon saiwoyi da tsutsotsi cikin dare, da rana ya yi birgima a taɓo don korar ƙwari, garkensa kuma tsohuwar uwa ce take ja masa gaba. Macen takan yi wata 3 da mako 3 da kwana 3 da ciki, ta haifi huɗu zuwa shida, kuma idan cima ta wadata, 'yar da ba ta cika shekara ba sai ta ɗauki nata.

Shari'a ta haramta mana namansa, amma ba ta hana mu yin tafakkuri a kan al'amarinsa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗan Adam ne ya tsaga wannan bango da hannunsa: shi ya ƙarar da kyarkeci a galibin ƙasashen yamma, shi ya shimfiɗa gonakin masara iya ganin ido, waɗanda suka zame wa dabbar rumbu da maɓoya, sa'an nan hunturu ya sassauta har sanyin da kan kashe ƙananan ya ragu, maharba kuma suka tsufa ba magada. Yau ga shi yana kiwo a bolar birnin Rum da unguwannin Berlin, alhali a Jamus kaɗai an harbe fiye da 800,000 a kakar farautar 2019 zuwa 2020.

Babbar musiba ita ce zazzaɓin aladu, annobar da asalinta Afirka ne, inda gadu, mugun dawanmu, yake ɗauke da ita ba ta yi masa illa. Ta ɓulla a Jojiya a 2007, ta isa Polan a 2014, ta shiga Jamus a 2020, bayan Denmak ta kafa shinge na kilomita 70 a iyakarta da Jamus a 2019 don tare aladen daji.

A ganina harsashi da shinge ba za su wadatar ba, muddin ana zuba wa aladen hatsi a daji, ana kuma barin shara a buɗe a bakin gari.