Tsohuwar Ƙauye da Ta Gagari Masu Kisa

A adabin Ingilishi akwai wani nau'in ƙagaggen labari da aka gina shi kacokan a kan tambaya guda: wane ne ya yi kisan? Tun a shafukan farko ake tsintar gawa, galibi a wurin da ba a cika shige da fice ba, kamar gidan attajiri a karkara. Waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma kowa da abin da yake ɓoyewa: wannan bashi ya yi masa katutu, wancan ya ƙosa a raba gado. Sai a babin ƙarshe asiri ke tonuwa, kuma sau da yawa mai tona shi ba ɗan sanda ba ne. Ɗan sa-kai ne, ba wanda ya ɗauke shi aikin, ba kuma mai biyansa.

Marubucin Amurka Edgar Allan Poe ne ya aza harsashin a 1841, da wani mazaunin birnin Paris mai suna Dupin, wanda ke warware abin da ya gagari hukuma da tsabar tunani. A 1910 G. K. Chesterton ya fito da Father Brown, limamin cocin Katolika, wanda ya san mugunta saboda yawan sauraron masu tuba. Dorothy L. Sayers ta biyo baya a 1923 da Lord Peter Wimsey, ɗan gidan sarauta mai kuɗi da lokaci. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne kasuwar waɗannan littattafai ta fi ci a Ingila.

Amma wadda ta zama abin kwatance ita ce Miss Marple ta Agatha Christie. Ta fara bayyana a gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi, The Murder at the Vicarage, a 1930, inda aka harbe wani kanar a ɗakin karatun limamin ƙauye, har mutum biyu suka fito kowa na cewa shi ya yi. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a St Mary Mead, ƙauyen da marubuciyar ta ƙirƙira, aikinta saƙa da kula da lambu. Ba ta da ikon kama kowa ko tsare shi da tambayoyi. Makaminta sanin halin ɗan Adam: duk wanda ta gani sai ya tuno mata da wani da ta sani a ƙauye, mahauci ko 'yar aiki, daga nan ta gane irin abin da zai iya aikatawa. Mutane kuma suna sakin baki a gabanta domin sun raina ta, abin da ba za su yi ba a gaban mai kaki. A nan ƙarfin irin wannan labari yake. Cikakkun littattafai 12 Christie ta rubuta a kanta, na ƙarshe ya fito a 1976, shekarar da marubuciyar ta rasu.

Labarin yana da ƙa'idoji, domin tamkar kacici-kacici ne tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 marubuci Ronald Knox ya jera guda 10. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun da wuri, ba a warware matsala da tsafi ko aljanu, kuma duk alamar da mai binciken ya gano sai an nuna wa mai karatu ita.

An soki salon. A 1944 marubuci Raymond Chandler ya yi ƙorafin cewa kisan da ke cikinsa ya yi nisa da yadda ake kisa a zahiri. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai ba hoton zahiri waɗannan marubuta suka nufa ba, gwajin basira suka shirya, kuma sun iya shi. Mai son farawa ya nemi A Murder Is Announced na 1950, wanda a cikinsa jaridar ƙauye ta buga sanarwar rana da lokacin da za a yi kisan tun kafin a yi shi.