Robar da Ke Damƙar Shinkafar Haɗeja

Shinkafar da ake nomawa a fadamun Haɗeja da Auyo, idan ta shiga injin casa na zamani, sai ta ratsa tsakanin rola biyu na roba. Suna juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ya fi ɗaya gudu, su damƙi ƙwaya su zare mata ɓuntu, shi ya sa ba ta kakkaryewa kamar a tsohon injin ƙarfe samfurin Engelberg. Sai dai ɓuntu cike yake da silika, sinadarin da ke cikin yashi, kullum yana cin robar har ta suɗe a canza ta. Abin da ya goge ɗin cikin abinci ya faɗa, don haka bai kamata farashi kaɗai ya yanke wa mai inji hukuncin robar da zai saya ba.

Abincin da za a taɓa shi ke zaɓar roba. Robar nitril na jure maiƙo, ita ta dace da bel ko yatsun injin da zai kama kifi, idan sana'ar kifin Haɗeja ta kai ga haka. EPDM na jure tururi da ruwan zafi, amma mai yana kumbura ta. Silikon ba ta tsoron zafi, sai dai saurin yagewa gare ta, ɓuntu zai gama da ita nan da nan. Sunan roba ma bai isa shaida ba, domin ana haɗa ta da farar wuta da baƙin kabon da mayukan tausasawa. Saboda haka ne dokar hukumar abinci da magunguna ta Amurka (FDA) mai lamba 177.2600 ta lissafa abubuwan da aka yarda a zuba, ta kuma ce a tafasa robar awa 7 a ruwa, ko a sinadarin hekzen idan abincin mai maiƙo ne, a auna abin da ya fita. Robar tsohuwar taya ba don wannan jarrabawa aka yi ta ba.

Wani zai ce iskar inji na kwashe garin robar tare da ɓuntu, shinkafa kuma ana wanke ta a dafa. Da ƙamshin gaskiya. Amma shinkafar tana fitowa da dusarta mai maiƙo a jiki, dusar nan kuwa kaji da tumaki ake ba, babu mai wanke musu. Mai kukan tsada shi ma ya lissafa sau nawa yake tsayar da inji a kaka don canza rola mai araha. Takardar da ta bayyana haɗin robar ita ce abin tambaya wurin dila, kuma ita ya kamata jami'an NAFDAC da SON su nema idan sun shiga masana'anta, farin launin rola ba ya maye gurbinta.